Yarona baya iya gama alwala, likita ya rubuta magani babansa ya ƙi, dan Allah shawara

Maman_Abba:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah shawara nake nema akan yarona, abun ya tsaya min a rai wallahi ko bacci bana samu. Muna Tudun Wada ne nan Kaduna. Shekararsa 10, aji biyar yake a firamare da yamma kuma yana zuwa islamiyya, yaro ne mai ƙoƙari da natsuwa kowa ya shaida. Tun bayan ƙaramar sallah ta bara abun ya fara, in ya tsuguna alwala sai ya ƙarar da buta uku huɗu bai tashi ba, ya wanke hannu ya kai fuska sai yace bai tabbata ya yi niyya ba ya dawo farko, ga shi ruwa wajen 'yan garuwa muke saye amma ba ma kuɗin ruwan ke damuna ba, hannunsa ne duk ya tsattsage saboda sabulu da omo, da hunturun nan har jini yake yi ina shafa mai basilin yana kuka.

Sallah kuma a kabbarar harama yake maƙalewa, ya ɗaga hannu ya sauke ya ɗaga ya sauke har liman ya yi ruku'u, yanzu ma ya daina bin babansa masallaci saboda yara na mai dariya. Sai tambaya, Umma na taka fitsari? Umma rigata ta taɓa ƙofar bayi? Umma ki rantse ban taɓa najasa ba. In nace a'a baka taɓa ba sai ya ɗan yi shiru, minti biyar ba'a yi ba ya dawo da ita. Tabarmar da ƙanwarsa ta taɓa yin fitsari a kai an wanke an shanya amma ko kusa da ita baya bi. Yunifom ɗinsa sai na sake wankewa in wani ya taɓa, shi yasa kullum a makare yake zuwa makaranta ana zane shi a get. Rannan cikin dare na same shi zaune yana kuka wai munanan maganganu ke zuwa mai a zuciya akan Allah, yana tsoron ya kafirta. Yaro ɗan shekara 10 fa jama'a.

An yi ruƙiyya, an sha rubutu, kakarsa ta kawo hayaƙi daga gida tace shafar aljanu ne ko kuma hannu aka sa mai saboda karatunsa. Babansa ya yi faɗa ya yi duka har ya gaji, babu abinda ya canza sai ma ɓoyewa da yaron ya koma yi. Ƙanwata ce ta matsa muka kai shi asibiti, likita ya daɗe da shi yana tambayoyi sannan yace ciwon waswasi ne ana kiransa OCD, ya rubuta magani fluoxetine yace kuma zai haɗa mu da masu zama da yara suna koya musu yadda zasu daina. To babansa da ya ga takardar sai yace sam ɗansa ba mahaukaci bane bazai sha maganin mahaukata ba, wai in aka fara ba'a dainawa kuma yana kashe ƙwaƙwalwa. Maganin na nan a jakata ban fara ba shi ba dan bana son in yi a ɓoye.

Dan Allah wanda ya san ciwon nan ya faɗa min gaskiya, ana warkewa? Maganin nan yana da illa ga yaro? Kuma shi zaman da ake cewa za'a yi, magana kawai zata iya raba yaro da abinda duka bai raba shi da shi ba?

Hajiya_Rigasa:

Wa alaikumus salam, Allah sarki yaro, wallahi har na yi ƙwalla. Allah ya yaye mai ya ba ki ladan haƙuri. Ni dai shawarata ku dage da addu'a da azkar safe da yamma, a dinga karanta Baƙara a gidan, a samu man habbatus sauda da zuma. Maganin asibitin ƙwaƙwalwa ni ma tsoro yake bani gaskiya, akwai wani matashi a layinmu da aka ɗora shi a kai, ya koma tafiya a sandare miyau na zuba hannu na rawa. Ki bi a hankali 'yar'uwa, kar kuma ki saɓawa maigidanki.

Anti_Bilki_Barnawa:

Maman Abba sannu, Allah ya ba shi lafiya. Ni aikina kenan, ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa nake kuma yara irin naki muna ganinsu sosai fiye da yadda mutane ke zato, a cikin yara 100 ana samun 1 zuwa 3 masu shi, kuma shekarun da ya fi fitowa kenan wajen 8 zuwa 12, maza ma sun fi saurin farawa. Ban ga yaron ba dan haka likitan da ya duba shi ne mai magana ta ƙarshe, amma duk abinda kika lissafa haka ciwon yake. Ba hauka bane, yaron ya san abinda yake yi ya wuce ƙima shi yasa yake kuka yake ɓoyewa, ba kuma taurin kai bane shi yasa duka bai yi aiki ba kuma bazai yi ba, dan Allah a daina dukan nan daga yau.

Yadda abun yake shine, tunani ne ke faɗo mai wanda bai so ba, misali "na taɓa najasa", sai tsoro ya taso mai ƙirji ya cika, sai ya wanke hannu ko ya tambaye ki, tsoron ya sauka na ɗan lokaci. To wannan saukin da ya ji shine tarkon, saboda ƙwaƙwalwa sai ta riƙe cewa wankin ne ya cece shi, gobe in tunanin ya dawo zata nemi wanki fiye da na jiya. Kamar susar ƙazuwa ne, lokacin da kake sosawa daɗi, amma ita ke ƙara faɗaɗa ƙurjin.

Zaman da likita ya ce miki ba hira bace ko nasiha, horo ne da ake kira CBT, kuma a cikinsa akwai wani ɓangare ERP wanda shine ainihin maganin, in kin je ki tambaya da bakinki ko ERP zasu yi mai dan ba kowane mai ba da shawara ne ya iya shi ba. Abinda ake yi shine a zauna da yaron a rubuta duk abubuwan da yake tsoro, shi da kansa zai ba kowanne maki daga 0 zuwa 10. Sai a fara da na ƙasa, ba da wanda ya fi tsoro ba. Misali ya taɓa gefen tabarmar nan da yatsa ɗaya sannan ya zauna bai wanke ba, ana tare da shi ana tambayarsa tsoron ya kai nawa yanzu, zai ce 6, zai ce 7, zai yi gumi wataƙila ya yi kuka, amma in aka daure bai wanke ba sai kiga da kansa yana cewa ya dawo 4, ya dawo 3. Gobe a sake, jibi a sake, har taɓa tabarmar ya zama ba komai ba, sannan a hau na gaba, ya zauna a kanta, ya ci abinci a kanta, a zo kan ƙofar bayi, a zo kan alwala sau ɗaya da buta ɗaya ko da zuciyarsa na ce mai bata yi ba. Abinda yake koya a nan shine tsoro yana sauka da kansa ko bai yi wankin ba, kuma ko bai sauka duka ba zai iya ɗauka. Ba'a yi mai dole, ba'a kama hannunsa a danna, da yardarsa ake tafiya mataki mataki, in aka yi da ƙarfi sai ya daina yarda da kowa. Yawanci zama ne sati sati na kamar wata uku zuwa huɗu, amma mafi yawan aikin a gida ake yinsa kullum, shi yasa iyaye suke shiga zaman.

Akwai dabarar da muke yi da yara, a sa yaron ya raɗawa ciwon suna na tsokana wanda ya ga dama, sai ya zama ba Abba ake faɗa da shi ba, ke da shi da babansa kun haɗu kuna faɗa da wancan. In ya zo da tambaya sai kice wannan kai ne ke tambaya ko wancan ɗin ne? Zaki sha mamakin yadda yara ke kama wannan.

Sai ɓangarenki, kuma wannan shine mai wuya ga uwa. Amsar da kike ba shi ta "baka taɓa ba" da rantsuwar da sake wanke yunifom, duk suna cikin abinda ciwon ke ci ya ƙara ƙarfi. Kusan duk iyaye haka suke yi dan babu uwar da zata ga ɗanta cikin tashin hankali ta ƙi kwantar mai, ba laifinki bane. Amma a hankali za'a janye su. Ba dare ɗaya ba, kar ki tashi gobe ki yanke komai gidan zai kama da wuta. Ki zaɓi abu ɗaya, ki faɗa mai tun da rana lokacin da hankalinsa ke kwance cewa daga gobe tambayar najasa sau ɗaya zan amsa, in ka sake zan ce maka na san kana jin tsoro kuma na san zaka iya daurewa, shi kenan. Kwanakin farko abun zai ƙaru, zai yi fushi zai yi magiya, wannan ba alamar ya lalace bane, haka yake yi kafin ya sauka.

Maganar ko a sha magani, ga abinda aka gani. A 2004 an fitar da sakamakon wani bincike a Amurka da ake kira POTS, yara 112 'yan shekara 7 zuwa 17, aka raba su gida huɗu na sati 12. Waɗanda aka haɗa musu horon da maganin sertraline, kusan kashi 54 cikin 100 ciwon ya kwanta musu, masu horo kaɗai kashi 39, masu magani kaɗai kashi 21, waɗanda aka ba ƙwayar da babu magani a ciki kusan kashi 4. Kinga horon ya fi maganin in za'a ɗauki ɗaya, haɗin kuma ya fi duka. Shi yasa in ciwon mai sauƙi ne da horo kaɗai ake farawa, in kuma ya kai yaro baya iya makaranta baya bacci hannu na jini, ko tsoron ya yi yawan da bazai iya ko matakin farko ba, sai a haɗa da magani. Ina ganin abinda likitanku ya duba kenan. Ana samun sauƙi sosai 'yar'uwa, wasu ya tafi gaba ɗaya wasu ya kan leƙo lokacin jarabawa ko wata damuwa, amma yaron da ya koyi dabarar ya san abinda zai yi in ya dawo.

A nan Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya dake Barnawa, akwai Barau Dikko, akwai kuma asibitin koyarwa na ABU a Shika in Zariya ta fi muku, ki tambayi ɓangaren yara da matasa da kuma saikolojis, wato masu yin horon nan.

Malam_Islamiyya_Kawo:

Assalamu alaikum. Maman Abba Allah ya ba yaro lafiya. Ni ba likita bane, karantarwa nake yi, amma na ga ya kamata in sa baki saboda da rigar addini ciwon nan ya zo wa yaron, kuma na san maigida da kaka ta nan za'a fi shawo kansu.

Malamanmu sun san wannan matsalar tun da daɗewa. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid wadda muke karantawa a zaure, an yi maganar wanda shakka ta yi wa yawa a sallah, hukuncinsa shine ya yi watsi da shakkar kar ya gyara komai, sai dai ya yi ba'adi bayan sallama. Kinga ba'a ce ya sake ba, cewa aka yi ya share. Kuma a Bukhari da Muslim an kawo wanda yake jin kamar alwalarsa ta karye a sallah, Manzon Allah SAW yace kar ya fita sai ya ji sauti ko ya ji wari. Wankin gaɓɓai iyakarsa uku, kuma ya zo a hadisi cewa wanda ya ƙara a kan haka ya munana ya wuce iyaka. Shi kansa Annabi SAW da mudu ɗaya na ruwa yake alwala, wato cikin tafi biyu na mutum matsakaici. Da na karanta bayanin Anti Bilki sai naga abinda suke koyawa yaran a asibiti shine abinda fiƙihu ya umarci mai waswasi da shi, ya ƙi biyewa shakkar ko da zuciyarsa bata kwanta ba.

Maganar munanan tunani akan Allah kuwa ita ta fi taɓa ni. Sahabbai sun zo wa Annabi SAW suka ce muna jin abu a zukatanmu da ɗayanmu ke ganin girman ya furta shi, yace kun ji hakan? suka ce eh, yace wannan shine tsantsar imani. Muslim ne ya ruwaito. Ƙin abun da yaron ke yi har yana kuka shine shaidar imaninsa. Bayan haka ma yaro ne bai balaga ba, an ɗauke mai alƙalami. A samu malamin da yake ganin girmansa ya zaunar da shi ya faɗa mai wannan sau ɗaya da kyau, amma kar a mayar da malamin wajen zuwa tambaya kullum, dan na taɓa ganin ɗalibin da ya bar uwarsa ya dawo kaina da tambayar, kullum da sabuwar mas'ala akan tsarki, duk amsar da na ba shi sai ta haifo wata. Haka ma a'uziyya da istigfari, in kika ga ya koma jera su ɗari ɗari duk lokacin da tunanin ya zo to ciwon ne ya canza riga, sau ɗaya ya isa ya ci gaba da abinda yake yi.

Hajiya ta Rigasa addu'a kam ba'a barinta, amma bata hana asibiti. Hadisi ne a Bukhari cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar mata da magani. Ni dai bana goyon bayan a ci gaba da cewa a gaban yaron aljanu ne ke jikinsa, yaro mai tsoro an ƙara mai abun tsoro kenan.

Usman_Famasi:

Bari in ɗan yi magana akan maganin tunda shi nake harka da shi kullum. Hajiya abinda kika gani a matashin layinku gaskiya ne yana faruwa, amma wannan sandarewar da rawar hannu da miyau yawanci daga wasu magunguna ne daban irin su haloperidol da chlorpromazine da ake bayarwa a wasu cutukan, fluoxetine ba danginsu bane ko kusa. Shi yana cikin rukunin da ake kira SSRI, aikinsu akan wani sinadari ne na ƙwaƙwalwa serotonin. Hukumar magunguna ta Amurka FDA ta amince a ba yara masu OCD fluoxetine daga shekara 7, sertraline daga 6, fluvoxamine daga 8. Akwai tsohon magani clomipramine daga shekara 10, yana aiki sosai amma illarsa ta fi yawa har sai an duba bugun zuciya, shi yasa ba da shi ake farawa ba.

Batun sabo, na fahimci tsoron Baban Abba dan duk mun ga abinda tramol da kodin suka yi wa matasanmu. Wannan baya sa maye, yaro baya jin ƙwaɗayinsa, babu wanda ke sayensa dan ya bugu. Abinda yake gaskiya shine ba'a yanke shi dare ɗaya, in lokacin dainawa ya yi likita ne zai dinga ragewa kaɗan kaɗan, in ba haka ba ana iya samun jiri da saurin fushi da rashin bacci, ciwon ma ya iya dawowa. Yawanci in an samu sauƙi ana ci gaba kamar shekara ɗaya sannan a fara maganar ragewa, ba abun har abada bane ga yawancin yara musamman wanda ya yi horon nan.

Kar kuma ki sa rai da sati ɗaya, nan ne mutane da yawa ke jefar da magani suce baya yi. A OCD sai an ba shi sati 8 zuwa 12 kafin a yanke hukunci ko ya yi ko bai yi ba, kuma da ƙarami ake farawa, ga yara galibi miligiram 10 da safe, likita ya ƙara in da buƙata.

Bazan ɓoye miki illa ba. A farko ana iya samun tashin zuciya, ciwon kai, ciwon ciki, rashin cin abinci ko rashin bacci, yawanci suna wucewa cikin sati biyu. Wasu yaran kuma sai su kasa zama waje ɗaya, rawar kai da faɗa su ƙaru, in kinga haka ki koma wajen likita kar ki jira ranar da aka ba ku. Mafi muhimmanci, tun 2004 FDA ta sa gargaɗi mai ƙarfi akan wannan rukunin cewa ga yara da matasa yana iya ƙara tunanin cutar da kai, a binciken da suka tattara kusan yara 4 cikin 100 masu shan magani sun samu irin tunanin, masu shan ƙwayar da babu magani a ciki 2 cikin 100, kuma babu yaron da ya rasa ransa a binciken. Ba dalilin ƙin magani bane, dalilin sa ido ne a satittikan farko da duk lokacin da aka canza yawansa. In ya fara maganar mutuwa ko gara ace baya duniya, a ranar za'a kai shi. Maganin a hannunki zai zauna ke zaki dinga ba shi.

Ki saya a famasi mai rijista ki duba lambar NAFDAC, kar a haɗa shi da tramol ko maganin tari ba tare da tambaya ba, in zazzaɓi ya kama shi aka je kemis ko asibiti ki faɗa musu yana shan wannan, haka duk wani jiƙo ko maganin islamik kemis da ake ba shi likita ya sani.

Baban_Yusra:

'Yata ta yi irin wannan tana aji ɗaya a sakandare, nata na duba ƙofa ne da gas da goge rubutu har takarda ta huje, yanzu Alhamdulillah tana karatunta lafiya lau, ta sha magani ta yi horon kuma an janye maganin. A matsayina na uba nake ce miki kar ki tsaya jayayya da maigidanki akan takardar magani, ki roƙe shi ya bi ku asibiti ya yi wa likitan duk tambayoyinsa da kansa, namiji ya fi yarda da abinda kunnensa ya ji. Abinda ke cin zuciyarsa ba ƙwayar bace, kar ace ɗansa ya je Barnawa ne, kin san bakin mutanenmu. Ki ce mai babu wanda ya zama dole ya sani, fayil ɗin asibiti sirri ne. In ya dage akan maganin to ku fara horon tukuna tunda shi babu abun sha, in ya zauna a zaman ya ga yadda yaron ke fama da idonsa zai sauko insha Allah. Kin kyauta da baki ba shi a ɓoye ba.

Makaranta kuma ku je ku samu hedimasta da malamin ajinsa ku ce yaron na ganin likita, a ɗaga mai ƙafa akan makara zuwa wani lokaci, bulalar get ɗin nan tana ƙara rikita shi tun da safe.

Maman_Abba:

Wallahi na rasa bakin godiya, Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya, Malam Allah ya ƙara ilimi, na karantawa babansa naka da na Baban Yusra ya yi shiru bai ce komai ba amma bai yi faɗa ba. Anti Bilki tambaya biyu dan Allah, na ga wani waje ana cewa ciwon makogwaro na iya kawo wannan abun, shi kuma yana yawan yinsa, ko shine? Sannan ya kan yi yawan ƙifta ido da gyaran murya ban faɗawa likita ba dan ban ɗauka suna da alaƙa ba.

Anti_Bilki_Barnawa:

Akwai wannan maganar, ana kiransa PANDAS, a 1998 aka fara bayyana shi a Amurka, bayan ciwon makogwaro na wata ƙwayar bakteriya. Amma shi farat ɗaya yake zuwa, yaro ya kwana lafiya cikin kwana ɗaya biyu ya canza gaba ɗaya, sau da yawa da fitsarin kwance da lalacewar rubutu da ƙin rabuwa da uwa, kuma ba kasafai ake samunsa ba. Naki kince a hankali ya dinga ƙaruwa tun bara, bai yi kama ba, amma ki faɗawa likita ya duba makogwaron ba asara. Kar dai a fara ba shi antibayotik daga kemis saboda wannan.

Ƙifta idon da gyaran muryar kam lallai ki faɗa, suna yawan tafiya tare da OCD musamman ga yara maza da suka fara da wuri, kuma sanin hakan yana iya canza tsarin da likita zai bi. Kar a dinga ce mai ya daina, ba da gangan yake yi ba kuma magana na ƙara su. Ki kuma tuna ko akwai mai irin wannan waswasin a danginki ko na babansa dan yana bin jini, za'a tambaye ki. Kafin ranar komawarku ki samu ɗan littafi ki dinga rubuta minti nawa alwala ke ɗauka, tambaya sau nawa a yini, ƙarfe nawa yake bacci, kar ki bari ya ga kina ƙirgawa. Da wannan za'a gane ko ana samun ci gaba bayan wata ɗaya ko biyu, dan sauƙin a hankali yake shigowa wanda ke gida bai cika lura ba. Hannun kuma a canza mai sabulu mara ƙarfi, omo ya bar inda hannunsa zai kai, basilin safe da dare, in tsagewar ta fara ruwa ko kumburi a nuna a asibiti.